Tafintan Kwamiti

Ni aka kira daga kasuwar riɗi ta Gadarif,
wai harshena biyu ne,
in tsaya tsakanin tebur da tabarma.
A tebur mutum uku da gorar ruwan sanyi,
a tabarma Iya Zinatu da warin takalmi,
na Haladu, da ya fita dakon buhu da asuba,
ya dawo bayan kwana uku a kafaɗar mutum huɗu.

Ta ce, "Sun taka shi."
Na mayar da ita Larabci, ban rage ko gishiri ba.
Magatakarda ya ɗaga alƙalami, ya yi gyaran murya,
ya rubuta: an samu turereniya.
Ta ce, "Ya roƙi ruwa har muryarsa ta dushe."
Ya rubuta: an samu jinkiri wajen hidima.
Magana ta shigo kunnena da jini a jikinta,
ta hau takarda da wanki da guga.

Wata bakwai muna zama.
Fankar ɗakin ta gaji, ta daina juyi.
Cikin shaidu goma sha ɗaya
biyu sun kwana a nan, sun wayi gari a Kassala.
Ɗaya ya manta abin da idonsa ya gani
ranar da aka mayar masa da amalankensa.
Ban zage shi ba. Bakuna biyar ke jiransa a gida.

Rahoto ya fito, shafi casa'in da shida,
koren bango, jan hatimi.
Wakilinmu ya ɗaga shi sama don masu hoto,
ya ce daga yau ɗan sanda zai rataya sunansa a ƙirji,
a ajiye littafi a kanta
a rubuta wanda ya shiga,
a rubuta wanda ya fita, da yadda ya fita.
Aka tafa. Ni ma na tafa.
Hannu ba ya shawara da zuciya a gaban manya.

An yi wa caji ofis fenti, shuɗi da fari.
Shawish Dafalla an ɗauke shi an kai Fawo,
can ma akwai 'yan dako, can ma akwai haƙarƙari.
Wanda ya ba shi umarnin kuwa
shi ya yanke ƙyalle ranar buɗe ƙofa,
da ƙarin tauraro a kafaɗa.
An sare reshe, an yi wa saiwa ban ruwa.

Na ɗauka magana ta ƙare.
Sai ga Iya a ƙofata, rana ba ta fito ba:
"Taso, mu je ka karanta mini littafin nan."
Ita ko alif ba ta sani ba,
amma ta san an ce na kowa ne.

Yanzu kullum muna kanta kafin shayi.
Ina karanta sunaye, tana lissafi da ƙwayar carbi:
wanda ya shiga, ta ja ɗaya,
wanda ya fita, ta mayar.
Ranar Laraba ƙwaya ɗaya ta ƙi komawa.
Ta shimfiɗa mayafi a bakin ƙofa ta zauna.
Ta ce in karanta mata sunan da ke ƙirjin yaron kanta.
Na karanta. Ta kira shi da shi, a hankali, sau uku,
kamar mai kiran jikanta cin tuwo.
Ya sunkuyar da kai.
Kafin la'asar aka fito da wani Ɗanlami mai gawayi,
leɓe a fashe, amma da ƙafarsa.

Ban ce gari ya gyaru ba.
Wakilinmu bai sake ɗaga waya ba,
fenti ya fara ɓarewa ta gefen taga.
Ni dai akwai wani ɗan littafi ƙarƙashin katifata,
ba bango, ba hatimi.
A shafin farko, da Hausa, da rubutun hannuna:
Sun taka shi.